Amsar da Ba Ma Zaɓa a Sa'alaba

Uwata ta rasu ina 'yar shekara goma, kuma har kwanan baya ita ce ke tashina sallar asuba. Ba tatsuniya zan ba ku ba. A takardun hukuma, Mastura matar Othman direba ta daɗe a maƙabarta. A gidanmu na unguwar Sa'alaba a Jidda kuwa tana nan zaune a kan kujerarta ta roba, tana yi mini faɗan na cika gishiri a miya.

Ga yadda aka yi. A unguwarmu mutane iri biyu ne. Akwai masu iƙama, wato katin zama, irinmu da aka haifa a Jidda bayan kakanninmu sun zo Hajji da ƙafa sun zauna. Akwai kuma waɗanda suka zo umara suka ƙi komawa, ba su da komai sai mataccen fasfo. In mace marar takarda ta kwanta ciwo, maƙwabciyarta mai takarda sai ta ara mata kati. Abaya baƙa ce, niƙabi baƙi ne, a lokacin ba a fara ɗaukar zanen yatsa ba, mai zaman tebur kuma ba zai ce wa matar mutane ta buɗe fuska ba. Aro ne kamar aron tukunyar biki. A je a ga likita, a dawo da kati da godiya.

Mariyamu, wata 'yar Gumel mai wankau da ɗakinta ke jikin namu, ita ce ta ari na Ummi, wato uwata. Ciwon ciki ya dame ta, da ƙafarta ta fita. Ina tsakar gida ta wuce ni sanye da abayar Ummi, hannuwanta sun yi fari fat saboda bilic, ta ce, "Hikima, in rana ta yi ki kwashe mini shanyar nan." Na kwashe. Ita ce ba ta dawo ba. Ta cika a gadon asibiti da sunan Mastura, aka kira Baba a matsayin miji ya zo ya karɓi gawa. Faɗin gaskiya a ranar yana nufin ɗauri gare shi da Ummi, sannan a kore mu zuwa ƙasar da ba wanda ya taɓa takawa a cikinmu. Baba ya sa hannu yana kuka, ma'aikata suna ba shi haƙuri. Kukan na gaske ne, su ne dai ba su san wa yake yi wa ba.

Tun daga nan Ummi ba ta sake shiga wurin da ake tambayar suna ba. Duk Juma'a bayan la'asar sai ta yafa abaya ta ce, "Bari in je in gai da kaina." Ta tafi ta tsaya a bayan katangar maƙabarta, tunda mata ba sa shiga, ta yi addu'arta ta dawo. Da dariya take faɗin maganar, amma in ta dawo ba ta cin abinci sai gari ya waye. Fasfon Mariyamu yana cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadonta, kuma kowace Sallah sai ta kira Saude, 'yar Mariyamu da ke Gumel, su gaisa kamar 'yan'uwa. Wani lokaci muna zaune shiru sai ta ce "Na'am," ta juya wajen bangon da ya raba ɗakunan biyu. Ban taɓa tambayarta wa ya kira ta ba, don ina tsoron amsar.

Baba ya rasu ina dab da gama sakandare, tasa rasuwar ta gaske. Abin da ya bari aka tattara aka tura ni Zariya na karanta ilimin haɗa magunguna, inda 'yan ajinmu suka sa mini suna Balarabiya saboda Hausata tana fitowa da kalmomin Larabci irin su *yalla* da *halas*. Na dawo Jidda da takardata ina jin kaina, sai aka nuna mini cewa mai digirin waje ba ya taɓa ko fanadol a bayan kantar magani sai ya ci jarrabawar lasisi. Aka aika Zariya aka tabbatar takardar ba ta jabu ba ce, aka ba ni ranar zama. A kwamfuta ake yi, da Turanci, kowace tambaya da amsa huɗu. Na shiga na faɗi. Na sake shiga na sake faɗi, kuma ba sau ba adadi ake barin mutum ya zauna ba.

Kada ku ɗauka farar riga nake kwaɗayi. Zuciyar Ummi ce take bugawa a karkace. Wani likita ɗan Najeriya da ya zo aikin Hajji shi ya saurari ƙirjinta a ɗakinmu, ya ce sai ta dawwama a kan maganin tsinka jini, in ba haka ba shanyewar jiki na nan tafe. Ya ƙara da cewa maganin nan ba a shan sa a makance, sai ana auna jini a kai a kai. Ya faɗi nasa ya hau jirgi. Matacciya kuma a ina za a auna mata jini? Ƙwayar ma daga ta mijin Khala Dalal, maƙwabciyarmu, ake ɗebo mana, don haka ake yi a Sa'alaba: mai takarda ya karɓo, marar takarda ya sha. Ammu Abdulghaffar, mai kantin magani a Ammariyya, abokin Baba ne kuma ya san komai. Ya ce mini, "Ki kawo lasisi in ɗauke ki. Akwai ɗakin gwaji a samanmu, in kina cikin gida ba wanda zai tambaye ki jinin wa kika kawo." Wannan ita ce jarrabawata, ba abin da ke kan kwamfuta ba.

Da ƙawata Rana nake karatu, 'yar Sham haifaffiyar Jidda wadda ta yi nata digirin a Masar. Ita ta ci a zama na biyu, amma ba ta yar da ni ba. Kullum bayan la'asar sai in hau mota zuwa gidansu a Ruwais, mu zauna kusa da taga inda iskar teku ke shigowa, tana karanto tambayoyin gwaji ina amsawa. A saninta uwata ta rasu, wata gwaggo ce nake zaune da ita. Haka takarduna suka ce, ni kuma ban gyara ba.

Tambayoyin nan duk salonsu ɗaya. Mace mai shekara kaza, nauyinta kaza, awon ƙodarta kaza, awon jininta kaza. Har haushin matan cikin tambaya nake ji, kowacce da lambobinta cif-cif kamar 'yar gata, alhali uwata ba ta da ko guda. Daga baya kuma sai suka fara yin fuska. Da zarar Rana ta ce "mace mai shekara," sai in ga fararen hannuwan nan, in ji warin bilic a ɗakin da ba abin da ake ƙonawa sai turaren wuta. Mariyamu ce ke tsaye a bakin kantina cikin abayar Ummi, tana jira in ce wani abu.

Wata rana Rana ta karanto: "Mace mai shekara sittin da uku, tana shan maganin tsinka jini. Ta zo tana jin jiri, ta ce bayan-gidanta ya yi baƙi kamar kwalta. Me za ki yi?"

Na ce, "A dakatar da maganin, a ba ta na kare ciki, a sa mata ido zuwa gobe."

Ta ce, "Kin kashe ta."

"Ai na dakatar da maganin."

"Jini ne ke zuba a cikinta, Hikima. Amsar ita ce a kai ta asibiti yanzu-yanzu." Ta ajiye wayar a kan cinyarta ta dube ni. "Na daɗe ina lura da ke. Lissafin awo kin fi ni, sunayen magunguna kin fi ni. Amma duk tambayar da amsarta take a kai mutum asibiti, sai ki kewaye ta kamar mai tsallake kwata. Ki rage, ki canza, ki sa ido. Wallahi wannan ne yake kayar da ke. A Zariya haka aka koya muku?"

Raina ya ɓaci, na ce mata ta bar Zariya ta sha iska. Ba Zariya ba ce. Malamanmu na can sun faɗa har sun gaji. A Sa'alaba na koya, tun kafin in iya karatu. A wurinmu in yaro ya faɗo daga bene, tambayar farko ita ce wa ya iya ɗori. In mace ta yi jinya, a jiƙa wannan, a aro wancan, a jira gobe. Asibiti shi ne wurin da mutum ke shiga da ƙafarsa ya tafi da sunan uwarka. Idona yana ganin amsar a kan allo, hannuna ne yake ƙin ta. Ban faɗa wa Rana ko ɗaya daga cikin wannan ba, na ce kawai zan kiyaye.

Na kuwa dage. Na riƙa zaɓar amsar da gangan, kamar mai haɗiye maɗaci. Rana ta ce yanzu na zama mutum. Ummi ma ta shiga shirin da nata salon: ta hana ni girki, ta hana yaran maƙwabta buga ƙwallo a jikin tagarmu, ta sa aka kawo mini zamzam a jarka. In ta ga na daɗe a kan littafi sai ta ce, "Ya binti, ki ci wannan ikhtibar ɗin ki huta, kin rame kamar ke ce marar lafiyar." A 'yan kwanakin na lura ta daina ɗingishin gwiwar da ta saba, har na yi mata barka. Ta ce addu'a ce. Na yarda, don hankalina yana wani wuri.

Ranar jarrabawa Ummi ba ta tashe ni asuba ba. Hasken rana ne ya tashe ni. Na same ta zaune a bakin katifa ta jingina da bango, leɓɓanta sun yi fari, zufa tana tsattsafo mata a goshi. Ta ce jiri ne kawai. Na shiga banɗaki in ɗebo mata ruwa, wani wari ya tare ni, irin wanda na karanta siffarsa a littafi ban taɓa shaƙa ba. Ba ta samu ƙarfin kora ruwa da kyau ba. Baƙi ne kamar kwalta.

Na ɗaga matashinta na ga fallen ƙwayoyi, saura kaɗan su ƙare. Maganin ciwon gaɓɓai ne, irin wanda ko ɗalibin shekarar farko ya san ba a haɗa shi da na tsinka jini.

"Wa ya ba ki wannan, Ummi?"

"Dalal. Na surukarta ne, ya yi mata amfani. Ban so in dame ki da zancen gwiwa kina karatu ba." Ta lumshe ido ta buɗe. "Yalla, ki shirya. Kada ki makara."

Ku ji abin da na yi. Na kwashe magungunan biyu na sa a jakata. Na ba ta na kare ciki. Na dama ruwan gishiri da sukari na ajiye kusa da ita, na gyara mata matashi, na ce zan dawo da azahar in duba ta. Hannuna yana yin komai da kansa, cikin natsuwa, yadda na ga ana yi tun ina ƙarama. Rana ta yi hon a bakin lungu, don ita ta ce za ta kai ni. Na yafa abaya na fito tsakar gida.

Igiyar shanyar tana nan inda take tun zamanin Mariyamu, ba wanda ya taɓa kwance ta. Ba kaya a kanta, ba iska, amma na ji warin bilic har cikin maƙogwarona. Na tsaya riƙe da ƙofa. Na san tambayar nan, na amsa ta a Ruwais, an kuma gaya mini sakamakon amsata. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na asibiti da na rashin zuwa asibiti, duka biyun a lokaci guda.

Na koma ɗaki na ce, "Ummi, tashi. Mustashfa za mu, wurin likita."

Ta dube ni kamar na zage ta. "Kin haukace? Ikhtibar ɗinki fa?"

"Ita nake yi."

Khala Dalal ta jiyo muryata ta shigo ko mayafi babu. Da ta fahimci abin da ake ciki sai ta dafe ƙirji, ta yi ta neman gafara, sannan ta ruga gida ta dawo da katinta a hannu. Ta ce ta san wani ƙaramin asibiti da ba sa tsananta bincike in an zo a gaggauce. Ta cusa wa Ummi katin a tafin hannu. "Riƙe, ya ukhti. In kin warke kya dawo mini da shi."

Ummi ta daɗe tana kallon katin. Sannan ta mayar mata, ta naɗe yatsun Dalal a kansa da nata hannun. "In ban dawo ba fa? Ke ma ki fara zuwa gai da kanki ranar Juma'a?" Hawaye suka zubo wa Dalal. Ummi ta juyo wurina. "Ɗauko mini gwangwanin nan."

Na gane nufinta tun kafin in durƙusa. Na ce, "Ummi, in kika shiga da wannan, marar takarda ce ke. Za su yi miki magani, amma daga gadon sai tarhil, gidan masu jiran kora. Jirgi za su sa ki zuwa Kano. Ba ki san kowa ba, ko titi ɗaya ba ki sani ba."

Ta ce, "Ta tafi da nawa, ta bar mini nata. Shekara nawa tana kirana in zo in karɓa. Halas, ɗauko."

Ni da Dalal muka riƙo ta har mota. Rana ta buɗe baki za ta yi zancen lokaci, ta ga fuskar da muka ɗauko, ta rufe. A hanya kan Ummi yana kan kafaɗata, ina ta cewa, "Ummi, kada ki yi barci. Ummi, buɗe ido." Rana ta dube ni ta madubi sau ɗaya, ta mayar da idonta kan titi ta ƙara gudu. Har yau ba ta tambaye ni ba.

A sashen gaggawa aka kawo keken marasa lafiya. Na faɗa wa ma'aikaciyar jinya sunan magungunan biyu da abin da na gani, ta daina rubutu ta kira likita da ƙarfi. Mai tebur ya biyo mu da tambayarsa, wadda ba ta canzawa: suna da iƙama. Ummi ta ɗaga koren fasfon. Muryar da ta fito ba irin tata ba ce, Hausa ce tsantsa ba ko ɗigon Larabci, irin ta mutanen Gumel.

"Mariyamu Habu. Ba ni da iƙama."

Ya rubuta, ya juyo gare ni. "Ke mece ce ɗinta?"

Ummi ta matse mini yatsu da ɗan ƙarfin da ya rage mata. 'Yar Mastura ba ta da abin da ya haɗa ta da Mariyamu Habu, in ba bango ɗaya ba.

Na ce, "Maƙwabciya."

Sun ceto ta. An ƙara mata jini, an tsayar da zubar, an kuma auna ta ciki da waje, karo na farko tun ina yarinya. Likita ya ce da an bar ta zuwa azahar da wani labarin ake yi, ya yaba wa maƙwabciya mai lura. Da ta iya tsayuwa, abin da muka sani ya biyo baya. Ranar da aka tafi da ita ban samu ko rungumar ta ba, don maƙwabciya ba ta da wannan hurumin. Saude ce ta je Kano ta tarbe ta, ta kai ta Gumel. Ita ba ta da uwa, takarda kuma ta ce ga uwarta.

Da aka sake ba ni rana na zauna, na ci. Matar nan mai jiri ta fito a cikin tambayoyin, na kai ta asibiti ba tare da na tsaya ba, kuma ban ji warin komai ba. Yanzu ina bayan kanta a Ammariyya da farar rigata, ɗakin gwaji yana samana, ba ni da jinin da zan kai. Ina aika wa Ummi magani ta hannun masu komawa daga umara, Saude tana kai ta awo a kan kari.

Ummi takan kira ni ranar Alhamis. Ta ce jikokin Mariyamu suna dariyar Hausarta, tuwon dawa ya ƙi zama a cikinta, kuma duk garin Mariyamu suke ce mata, har ta fara amsawa ba tare da ta waiwaya ba. A kiran da ya wuce, ina jin kukan awaki a bayanta, ta ce, "Ya binti, gobe Juma'a. Ki je ki gaishe ni."

Na je bayan la'asar. Na tsaya a bayan katangar, daidai inda take tsayawa, na ɗaga hannu. Sai da na buɗe baki na ga ban san sunan da zan kira ba.